Gyaɗar da Ta Faɗi Gwaji

Ba zan ɓata lokaci a kan yadda na bar Malumfashi ba, ko yadda aka yi ta sauke mu a kan iyakoki ana zazzage mana kaya kamar sato su muka yi. Duk wanda ya bi hanyar Legas zuwa Ghana ya san wannan. Abin da ke cina har yau ya fara ne a Oforikrom, cikin Kumasi, da hantsi, ina tsaye a bakin titi da akwati ɗaya da kumburarrun ƙafafu, ina ta kiran mutumin da ya karɓi kuɗin hayar ɗakina tun ina gida. Waya a kashe. Gidan da ya turo mini hotonsa kuwa na same shi, ga shuɗiyar ƙofar nan, amma wata mata ce ta leƙo da jariri a kafaɗa, ta ce ita ke ciki, kuma ba ni ce ta farko da ta zo da wannan hoton ba.

Sunana Sa'adatu. Gwajin jini nake yi a wani asibiti a gida. Na bar 'yata Ummi wajen mahaifiyata, na zo wata cibiyar bincike mai zaman kanta domin in yi aikin da zan kammala digirina na biyu da shi. Ga ni nan a garin da ban san kowa ba, an cuce ni tun kafin in sha ruwansa. Ban san lokacin da na ɗaga murya ba.

"Allah ya isa! Wallahi Allah ya isa tsakanina da kai!"

"Kai, baiwar Allah, wa ya taɓa ka?"

Na waiwaya ina neman namijin da ake yi wa magana. Babu kowa sai wata dattijuwa gajeriya, da bokitin roba a kanta, tana kallona.

"Da kai nike," in ji ta. "Daga ina ka hito da wannan Hausa mai nauyi?"

Daga baya na gane cewa a Zangon Kumasi kowa "kai" ne, mace da namiji. A ranar dai haushi ya hana ni dariya. Na zayyana mata abin da ya faru. Ta saurara har na gama, ta yi tsaki, ta zagi mutumin da Tiwi, yaren mutanen garin, sannan ta ce in jira ta miƙa wa wata mai abinci niƙaƙƙiyar gyaɗar da ta kawo mata. Da ta dawo ba ta tambaye ni ko ina so ba. Kawai ta tsayar da torotoro, irin ƙananan motocin hayarsu, ta ce wa yaron mota ya ɗora akwatina.

Sunanta Mma Lariba. A Kumasi aka haife ta, amma iyayenta daga Nijar suka zo, daga wajen Dogon Dutsi. Gidanta yana cikin Akwatialine, inda lunguna suka matse har sai mutum ya karkace idan ya haɗu da mai ɗauke da kaya. Ko'ina ƙarar injin niƙa, da hayaƙin suya, da Hausa da Tiwi da Turanci a cakuɗe cikin magana ɗaya. Ta buɗe mini ɗakin 'yarta da ta yi aure, ta ce maganar haya sai na zauna da gindina.

Sana'arta gyaɗa, wadda su suke kira gujiya. Tana soyawa, ta murje, ta kai inji, ta sayar wa masu miya, abin da ya rage ta matse mai ta yi ƙuli-ƙuli. Mijinta ya rasu kafin zuwana. Ta ce cikinsa ne ya kumbura, idanunsa suka yi rawaya, mutane suka ce sammu ne. Ɗanta Fuseini, magidanci ne mai tuƙa torotoro, kullum sai ya biyo ya ci tuwon uwarsa da miyar gyaɗa kafin ya wuce gidansa. Ni ma haka aka riƙa zuba mini, ba a taɓa ware mini kwano a matsayin baƙuwa ba.

Kewar gida ta fi cina da yamma. Akwai ranar da na kira, Ummi ta ƙi karɓar waya, ina jin ta tana ce wa kakarta, "Ki ce mata ba na nan." Na zauna a bakin ƙofa ina share hawaye. Mma ta fizge wayar daga hannuna.

"Kai, Ummi! Ni ce kakarka ta Kumasi. In ba ka gaishe da uwarka ba, ba ni maido shi. Ina riƙe shi nan ya dinga yi min wanke-wanke."

Na ji yarinyar ta fashe da dariya, tana cewa ita ba namiji ba ce. Tun daga ranar sai ta tambaye ni kakarta ta Kumasi.

Cibiyar tana gaba da Ayigya. Aiki iri biyu ake yi a ciki. Na farko shi ke kawo kuɗi: kamfanonin da ke fitar da gyaɗa da masara zuwa ƙasashen waje suna aiko da samfuri a gwada musu. Wadda ta ci gwaji ta hau jirgi, wadda ta faɗi a mayar musu. Na biyu shi ne bincike, inda ni nake, ƙarƙashin shugaban wurin, Dokta Kwabena, mutum mai fara'a da iya magana. Abokiyar aikina Akosua ce, Ba'ashantiya da ta tashi kusa da zango, tana jin Hausa daidai gwargwado.

Abin da ake nema a gwajin shi ne wata guba mai suna aflatoksin. Wata funfuna ce ke fitar da ita idan gyaɗa ko masara ba ta bushe sosai ba, ko aka jibge ta a wuri mai laima. Ido ba ya ganin gubar, suya ba ta gamawa da ita, tafasa ma haka. Idan ta shiga jiki hanta ce ke tarbarta, kuma wajen ƙoƙarin sarrafa ta ne take rikiɗewa ta zama abin da ke manne wa DNA, wato zaren nan da ke cikin kowace ƙwayar halitta, mai ɗauke da umarnin yadda za ta rayu ta hayayyafa. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har umarnin ya gurɓace, ƙwayar ta kama hayayyafa babu birki. Shi ne ciwon dajin hanta. Wanda kuma yake ɗauke da ciwon hanta nau'in B, haɗarinsa ya fi na kowa nesa ba kusa ba.

Nawa aikin shi ne rainon ƙwayoyin hanta a cikin 'yan farantan roba, a akwati mai ɗumi, ina ciyar da su da wani ruwa jaja-jaja. Sai in tace abin da ke cikin abincin kasuwa, in ɗiga musu, in duba ta madubin ƙara girma in ga yadda suka yi. Masu lafiya suna shimfiɗe, riƙe da juna kamar saƙar tabarma. Waɗanda guba ta taɓa sai su ƙanƙance, su dunƙule, su saki juna, su taso sama.

Ina bukatar gyaɗa mai tsabta da zan riƙa kwatanta sauran da ita. Wace gyaɗa na sani da ta fi ta Mma tsabta? Matar da ke wanke baho sau biyu kafin ta zuba komai. Na roƙe ta cokali ɗaya, har na ɗauki hoton bahonta da hannunta a ciki, da lallenta da zobenta na azurfa, don in saka a aikina. Ta yi dariya ta ce, "To, amma tsakaninmu ne. Kada ka kai ni talabijin." Na ce mata tsakaninmu ne.

Da na'ura ta fitar da sakamako, na ce kuskure na yi. Na sake. Na wanke komai na sake. Na ba Akosua ta yi da hannunta ban faɗa mata ko ta wa ce ba. Ta daɗe tana kallon allon, sannan ta juyo.

"Sa'a, wannan daga ina?"

"Daga gidanmu."

Washegari na duba farantin da na ɗiga wa. Rabin tabarmar ta yage.

Da yamma aka ajiye mini tuwo da miyar gyaɗa, mai yana yawo a sama. Fuseini yana gefe yana suɗar yatsu. Na kasa kai hannu. Bayan ya tafi na matsa kusa da Mma na faɗa mata, a hankali iya yadda zan iya. Fuskarta ta canza.

"Datti ka gani a gujiyata?"

"Ba datti ba ne, Mma. Ba daga hannunki ba ne. Tun kafin ta zo gidan nan take da shi."

"Tun kana cikin zani nike wannan aiki. Wa ya taɓa ci ya faɗi?"

"Ba ya kayar da mutum nan take."

"To gobe ka taho ka ga inda nike saye. Wajen Alhaji Seidu. Mutum mai salla a sahun gaba. Ka je ka faɗa mashi da bakinka."

Muka je. Sito ne babba a bakin unguwa, buhuna har rufi, mata suna shiga suna fita. Duk masu niƙa na Akwatialine a nan suke saye, saboda tasa ta fi ta kowa araha. Muna isowa wata babbar mota tana sauke kaya. Direban ya hango ni ya washe baki.

"Madam Sa'a! Mi ya kawo ka nan?"

Yakubu ne, direban ɗaya daga cikin kamfanonin da muke yi wa gwaji. Shi ke kawo mana samfuri a cibiya.

"Yakubu, wannan kayan daga ina?"

"Ah, ai naku ne. Wanda kuka ce ya faɗi." Ya share gumi da hularsa. "Bature ba ya ci. To a zubar? Nan muke kawowa kullum."

Ko alamar ya faɗi abin kunya babu a fuskarsa. A wurinsa aiki ne. Ni kuwa sai na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Wato mu ne muke zaune cikin sanyin na'ura da fararen riguna muna tankaɗe, mai kyau ta tafi ƙetare, gubar a juyo da ita cikin tukunyar matar da ta tsince ni a titi.

Alhaji Seidu yana zaune a benci da carbi, da wasu abokansa. Ya yi fatauci a Kano, don haka shi kaɗai ne a garin nan ya kira ni da "ke", kuma ban taɓa jin "ke" mai ɗaci irin tasa ba. Na gaishe shi, na faɗa masa abin da na gani. Bai daina jan carbi ba.

"Ke 'yar wa ce a garin nan?"

"Baƙuwa ce ni, Alhaji."

"Na gani. To saurara. Ni a matsayin abincin dabbobi na saya. Na taɓa ɗaura wa wani a wuya na ce ya ci?"

Mma, wadda ta kawo ni don a ƙaryata ni, ta sauke bokitinta a ƙasa.

"Alhaji, ni akuya nike kiwo? Duk shekarun nan kana ganina, kana tambayar ya kasuwar miya."

"Lariba, kada ki biye wa 'yan boko. Kakanninmu sun ci gyaɗa sun tsufa. Ajali na Allah ne."

"Kai kana ci?" na tambaye shi.

Ya ɗago ya dube ni, sannan ya ce wa Mma ta kama baƙuwarta su tafi tun yana ganin mutuncinta.

Daga ranar Mma ta daina saye a wurinsa. Ta koma sayen mai tsada daga wasu da ke kawowa kai tsaye daga gona. Muka riƙa zama a tsakar gida muna tsince ta ɗaya bayan ɗaya, muna fitar da yamutsattsu da masu baƙi da waɗanda ƙwari suka huda, domin a cikinsu gubar ta fi taruwa. Aiki ne mai karya baya, riba kuma ta ragu. Na sake gwadawa, ta fito lafiya. Ran nan har rawa ta taka.

Na kai wa Dokta Kwabena maganar gaba ɗaya, da sunan kamfanin da na Alhaji. Ya saurare ni da kyau, ya cire tabarau ya ce wannan babban sakamako ne, irin wanda ake bugawa a mujallun ƙetare. Na ce ba mujalla ce ta dame ni ba, a sanar da hukuma a tsayar da motar. Ya ce in yi haƙuri. Abin da muke gwada wa kamfani sirri ne tsakaninmu da su, kuma da kuɗin gwajin nan ake sayen ruwan da nake ciyar da ƙwayoyina. Ya ce in ba shi komai, da hotuna, zai san yadda zai bi da maganar ta hanyar da ta dace. Na yarda da shi. Malamina ne.

Hanyar da ta dace ashe wani taro ne a otal, da 'yan jarida da kwalaben ruwa. Ba a gayyace ni ba. Ina cikin torotoro zan koma gida na ji rediyo na ambaton Akwatialine cikin Tiwi, mutane suna gyaɗa kai suna tsaki. Matar da ke kusa da ni ta fassara mini: masana sun gano matan zango suna sayar wa mutane guba. Ta nuna mini wayarta. Baho ne, da hannu a ciki, da lalle, da zoben azurfa. Babu wanda ke unguwar da bai san hannun nan ba.

Ba a ambaci kamfani ba. Ba a ambaci sito ba. Ba a ambaci mota ba.

Kafin mako ya zagayo ma'aikata masu sintirin kasuwa sun shigo unguwa. A idona suka kifar da bahon Mma a kwata, gyaɗar da muka tsince da yatsunmu, wadda ni da kaina na gwada na san babu komai a cikinta. Na sha gabansu ina ihu da Turanci cewa wannan mai kyau ce, in suna son mai guba ga sito can. Ɗaya ya ture ni da kafaɗa ya ce in nuna takardar zamana a ƙasa. Suka bi gida gida suka kwashe na sauran matan. A hanyarsu ta fita suka wuce ta ƙofar Alhaji Seidu, har suka ɗaga masa hannu.

Da la'asar matan suka cika tsakar gidanmu. Babu zagin da ban sha ba. Wata ta ce 'yar leƙen asiri ce ni. Wata ta ce an biya ni. Mma tana zaune a kan turmi har suka watse. Sannan ta yi magana, ba ta dube ni ba.

"Ka ce tsakaninmu ne."

"Wallahi Mma ban san zai…"

"Na sani. Amma hannuna ne a wayar kowa, ba hannun Doktanka ba. In kana cikin gidan nan ko cokali ba mai saye. Ka nemi wuri."

Na koma Ayigya Zango, ɗakin Akosua, ina shimfiɗa a ƙasa tsakanin gado da firij. Ita ce ta riƙa tilasta mini cin abinci. Da safe na shiga ofishin Dokta ban ƙwanƙwasa ba.

"Me ya sa sunan unguwa ya fito, na kamfani bai fito ba?"

Ya ce shi ba haka ya faɗa ba, 'yan jarida ne suka juya. Na ce hoton fa, su suka shiga kwamfutarsa? Sai ya faɗi gaskiya, wadda na fi so da ya yi mini ƙarya a maimakonta.

"Sa'adatu, unguwa ba ta kai ƙara kotu. Kamfani yana kaiwa."

Ya ƙara da cewa in kwantar da hankalina, sunana ne zai zo farko a takardar da za a buga a mujalla. Na ce masa abubuwan da ban taɓa faɗa wa wanda ya girme ni ba. Na ce mun mayar da mutane ɓerayen gwaji, mu ɗebi abincinsu mu auna, mu sami suna, mu bar su da kwata. Ya ce in fita in huce. Ban huce ba.

Ban yi zaton zan sake ganin Mma ba. Sai wata safiya mai gadi ya ce wata tsohuwa tana nemana a ƙofa. Ta sha babban mayafinta na zuwa biki. Ba ta amsa gaisuwata da kyau ba.

"Na zo in gani da idona," in ji ta. "Abin da ya kashe min kasuwa, in gan shi."

Dokta ba ya nan. An hana shigar da baƙi, amma Akosua ta ciro farar riga ta ɗora mata a kan mayafin, ta ce, "Mma, akwaaba, sannu da zuwa, shigo." Na ɗora farantin masu lafiya a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Da ƙyar ta iya rufe ido ɗaya. Da ta gani ta ja baya.

"Waɗannan duka a cikin mutum suke? Suna da rai?"

"Suna da rai. Irinsu ne suka haɗu suka zama hanta."

Na canza faranti, na sa wanda na ɗiga wa tsohuwar gyaɗar. Ta daɗe a sunkuye. Na gaya mata cewa abin da na ɗiga tacacce ne mai ƙarfi, kuma faranti ba mutum ba ne. Ban tabbata ta ji ni ba. Da ta ɗago idonta ya yi ja.

"Wannan ne ya kashe Baban Fuseini?"

Akosua ta dube ni. Da na ce a'a, da Mma ta samu sauƙi. Da na ce e, da na samu abin dukan Alhaji. Duka biyun ba ni da su.

"Ban sani ba, Mma. Ba wanda ya duba shi a lokacin. Zai iya zama shi, zai iya zama wani abu. Ba zan faɗi abin da ban sani ba."

"Da hannuna nike zuba mashi," ta ce. "Shi yana son mai kauri."

"Ba ke kika sa gubar ba. Amma Fuseini yana da rai. A kai shi asibiti a duba jininsa."

An duba. Yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, bai taɓa sani ba. Likitoci suka ce an zo da sauran lokaci, suka ɗora shi a kan magani.

Ranar da sakamakon ya fito Mma ta aiko a kira ni. Na same ta tana tuƙa tuwo. Ashe ta ajiye ragowar buhun Alhaji a bayan ɗaki. Daga cikinsa ta soya, ta niƙa, ta yi miya mai kauri da nama, ƙamshi ya cika gida. Ta zuba a babban kwanon sha na baƙi, ta ɗora a kai. Ta bi gida gida tana kiran matan da aka kifar wa baho, tana gaya musu abin da ta gani a madubi da abin da aka samu a jinin ɗanta. Waɗansu suka biyo mu don sun yarda, waɗansu don kallo.

Alhaji yana bencinsa da mutanensa. Mma ta durƙusa kamar mai ladabi, ta ajiye kwanon a gabansa, ta buɗe, ta miƙa masa ruwan wanke hannu.

"Alhaji, gujiyarka ce. Ka ce kakanni sun ci sun tsufa. Bisimilla."

Ya dubi miyar, ya dubi matan, ya gyara zama.

"Azumi nake."

Wani tsoho a ƙarshen bencin, wanda da alama kunnensa ya yi nauyi bai fahimci abin da ake ciki ba, ya ce da ƙarfi, "Azumi kuma, Alhaji? Ba yanzu muka sha shayi ba?"

Ba wanda ya yi dariya sai mace ɗaya, ita ma ta haɗiye. Mma ba ta ɗaga murya ba.

"Loma ɗaya. In ka ci, gobe in dawo in sayi buhu."

Bai ci ba. Ya tashi ya shige sito, ya ce wa ma'aikatansa su rufe ƙofa. A nan ne ni kuma na buɗe baki, a gaban kowa, na faɗi sunan kamfanin, da inda gyaɗar ke fitowa, da dalilin arahar. Muka bar kwanon a buɗe a kan benci, ƙudaje suna sauka.

Labari ya riga ni isa cibiya. Kamfanin ya kira Dokta. Aka ce na tona sirrin abokin ciniki, na kuma shigar da baƙuwa ɗakin bincike, don haka in ajiye rigata in karɓi kayana. Akosua ta tsira da gargaɗi. Farantaina da na yi wata da watanni ina raino, wani aka ba. Na koma Akwatialine na ƙarasa sauran kwanakina a tsohon ɗakina. Matan unguwa sun daina zuwa siton. Mma ta ci gaba da tsince gyaɗarta, masu saye suna dawowa kaɗan kaɗan, ko da yake waɗansu har yau ba su dawo ba. Digirina sai da na sake wani aikin daga farko a gida. Takardar Dokta ta fito daga baya, da sunana a farko kamar yadda ya ce. An rubuta cewa an samo samfurin ne daga wata unguwar masu ƙaramin ƙarfi. Ban gama karanta ta ba.

Ana gobe zan tafi na ci karo da Yakubu a gidan mai, motarsa a cike, an lulluɓe da tamfol. Ya gaishe ni, amma babu washe bakin nan.

"Madam, kun ɓata wa Alhaji kasuwa. Yanzu tafiya ta ƙaru min."

"Ina kake kai ta?"

"Arewacin Ghana. Can ba wanda ya ji labari."

"Wane gari, Yakubu?"

Ya hau mota ya rufe ƙofa, ya leƙo ta taga.

"Kana so ni ma a kore ni?"

Na tsaya ina kallon motar har ta hau babban titi ta ɓace cikin sauran motoci. A wani gari da ban san sunansa ba, akwai matar da za ta tarbi buhunan nan, ta ɗebo ta duba a tafin hannunta, ta ji farashi, ta ce alhamdulillahi, yau ta yi sa'a.